Sunayen Dabbobin Kiwo a Harsunan Jamanawa da Silabawa

Harsunan Jamanawa, irin su Jamusanci da Ingilishi da harsunan Suwidin da Ayislan, da na Silabawa, irin su Rashanci da harsunan Folan da Cek da Sabiya, tsatsonsu ɗaya ne. Akasarin masana na ganin cewa kakan waɗannan harsuna shi ne harshen wasu makiyaya da suka rayu a filayen arewacin Baƙin Teku shekaru 5,000 zuwa 6,000 da suka wuce. Ba su bar rubutu ba, amma sunayen dabbobinsu na nan a bakin jikokinsu.

Sunan tunkiya na cikin waɗanda suka fi daɗewa. Rashawa na cewa ovtsa, Sabiyawa ovca, Ingilishi kuma yana da ewe, dukansu 'yan'uwan ovis na Latin. Alade ma haka: svinja a Sabiya, Schwein a Jamus. Saniya ce ta ɗan rikita lissafi. Kuh na Jamusanci da cow na Ingilishi sun gaji tsohon sunan, su kuwa Silabawa sai suka koma kiran ta korova ko krava, wato mai ƙaho, daga tushen da ya ba Jamusawa Hirsch, sunan wata dabbar daji dangin barewa. Tsohon sunan bai ɓace musu ba, ya maƙale a wurin mahauta, domin Rashawa na kiran naman shanu govyadina.

Inda zancen ya fi armashi shi ne sunan garken gaba ɗaya. Tsohon harshen yana da kalmar da masana suka farfaɗo da ita a matsayin peku. Latin ya samu pecus, dabbobi, da pecunia, kuɗi. A bakin Jamanawa sautin p ya koma f, bisa ƙa'idar da Jacob Grimm ya bayyana a 1822, sai aka samu faihu a harshen Gotawa. Lokacin da Wulfila ya fassara musu Baibul a ƙarni na 4, da wannan kalma ya yi nufin dukiya. A tsohon Ingilishi feoh na nufin shanu da kadara da kuɗi a lokaci guda. Daga baya kowane harshe ya ɗauki rabonsa: Jamusanci ya riƙe Vieh don dabbobi kawai, mutanen Ayislan kuwa har yau fé suke ce wa tumaki, fé suke ce wa kuɗi. Masani Émile Benveniste ya kawo hujja a 1969 cewa ma'anar farko ita ce dukiyar da ake iya tafiya da ita, daga baya ta taƙaita ga dabbobi. Ba kowa ya yarda da shi ba, kuma ga makiyayin wancan zamani da wuya a ce akwai bambanci tsakanin biyun. Mai karatu a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba, tunda makiyayi na cewa dukiya yana nufin shanunsa.

Silabawa ba su riƙe peku ba. Kalmarsu ita ce skot, wadda har yanzu take nufin shanu da sauran dabbobin kiwo a Rashanci, shanu kuma a harshen Cek. A tsofaffin rubuce-rubucen Rus, ƙasar kakannin Rashawa, kuwa skot na iya nufin kuɗi, kuma skotnitsa ita ce baitulmalin sarki. Takwararta a wurin Jamanawa ita ce skatts ta Gotawa, wato tsabar kuɗi, 'yar'uwar Schatz, taska, a Jamusanci, da skatt, haraji, a Suwidin. Tsohon harshen Firisiyawa ya haɗa ma'anonin biyu, dabbobi da kuɗi, a sket. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne Silabawa ne suka aro ta daga maƙwabtansu Jamanawa, ko da yake akwai masu ganin akasin haka. Yau idan Barashe ya ce wa mutum skotina, zagi ne.

Sababbin kalmomi ma wannan hanya suka bi. Dobytek a harshen Cek ya fito daga aikatau mai nufin samu, wato abin da mutum ya mallaka. Blago a ƙauyukan Sabiya da Kuroshiya na nufin dabbobi, a birni kuma taska. Stoka dabbobi ne a Sabiya, amma hajar kasuwa ce a Bulgeriya. Ingilishi ya yar da feoh bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, ya karɓi catel daga Faransancinsu, wadda ta fito daga capitale na Latin, wato uwar kuɗi. Daga wannan tushe ɗaya Ingilishin yau ya samu cattle, shanu, da chattel, kadara a harshen shari'a, da capital, jari.