Gam ɗin da ke kama haƙori cikin yawu: tarihin ciko da abin da ya shafi ƙauyukan Zuru

Duk wanda ya taɓa liƙa takalmi da gam ya san sharaɗin farko: sai wurin ya bushe. To baki fa ba ya bushewa. Ga yawu, ga shayi mai zafi, ga ruwan sanyi, ga rake da goro. Duk da haka yau likita na liƙa farin ciko a haƙori ya yi shekaru bai faɗi ba. Kafin a kai nan, masana sun daɗe suna kokawa da abu guda, wato ruwa.

Da can babu zancen gam sam. Tun ƙarni na 19 ake cike kogon haƙori da amalgam, haɗin azurfa da kuza da jan ƙarfe, kusan rabinsa kuma zaiba ce, irin wadda masu haƙar zinare a yankin Yauri suka sani. Amalgam ba ya mannewa. Sai likita ya sassaƙa ramin kamar tulu, ciki da faɗi, baki a tsuke, don kada cikon ya fito. Kenan har ɓangaren da lafiyarsa ƙalau sai an cinye.

A 1949 wani masanin sinadarai ɗan Suwizalan, Oskar Hagger, da ke aiki a Landan, ya haɗa sinadarin farko da ke manna roba da haƙori, amma duniya ba ta kula sosai ba. Sai a 1955 Michael Buonocore, a garin Rochester na Amurka, ya ɗauko dabara daga masana'antu, inda ake wanke ƙarfe da asid ɗin fosforik kafin a shafa fenti. Ya ɗiga asid mai ƙarfin kashi 85 a ɓawon haƙori na daƙiƙa 30, robar ta kama gam-gam. Dalili? Ɓawon, da ake kira inamel, kusan kashi 96 ɗinsa ma'adini ne. Asid na cin samansa ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, robar ta kwarara ciki ta daskare, kamar yadda yaɓen siminti ya fi kama bango mai kaushi. Yau kashi 35 zuwa 37 ake amfani da shi. A 1962 kuma Rafael Bowen ya samar da robar Bis-GMA, wadda har gobe ita ce ƙashin bayan yawancin farin ciko.

Matsalar tana ƙarƙashin ɓawon. Abin da ke can, dantin, kusan kashi 70 ne ma'adini, kashi 20 yawanci zaren kolajin, kashi 10 ruwa, ga dubban siraran kafofi da danshi ke tsattsafowa ta cikinsu. Roba kuwa ba ta shiri da ruwa. Gam ɗin farko-farko ƙurar da injin sassaƙa ya bari kawai yake kamawa, sai su ɓamɓare tare. 'Yan Japan ne suka warware ƙullin. A 1979 Takao Fusayama ya nuna ana iya sa asid har a kan dantin, a lokacin da likitoci da yawa ke tsoron zai kashe jijiyar haƙori. A 1982 Nobuo Nakabayashi ya bayyana abin da ke faruwa: asid na cire ma'adinin sama ya bar zaren kolajin a fili, robar ta ratsa tsakaninsu, a samu wani siririn sashe da rabinsa haƙori rabinsa roba. Kamfanin Kuraray kuma ya ƙirƙiro sinadarin MDP mai baki biyu, ɗaya na cafke kalsiyam ɗin haƙori, ɗayan na haɗewa da roba.

Sai dai wannan gam ɗin ɗan gata ne. Yana son injin zuƙe yawu, da fitila mai shuɗin haske da ke daskarar da shi. Yawu kaɗan ya shiga, ƙarfinsa ya ragu. Kuma shekaru na tafiya, ruwa na cin wancan siririn sashen a hankali.

Akwai wata hanya ta biyu. A 1972 Alan Wilson da Brian Kent a Ingila suka wallafa aikinsu kan gilas ayonoma: garin gilashi da ake kwaɓawa da wani asid mai ruwa-ruwa. Da kansa yake kama kalsiyam, yana jure ɗan danshi, ba ya bukatar fitila, yana kuma sakin fulorayid da ke rage ruɓewa. Bai kai roba ƙarfi ba, gaskiya. Amma a tsakiyar shekarun 1980, Jo Frencken ɗan Holan da ke aiki a Tanzaniya ya fara wata dabara da aka sa wa suna ART: a kankare ruɓaɓɓen wurin da kayan hannu, ba inji ba lantarki, a cike. Daga baya gilas ayonoma ya zama abin cikon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar da dabarar a 1994, a 2021 kuma ta sa gilas ayonoma cikin jerin magunguna masu muhimmanci. Bincike ya nuna a ƙaramin kogo mai fuska ɗaya, wajen takwas cikin goma na irin wannan cikon na nan bayan shekara 5.

A nan ne zancen ya iso gida. A ƙauyukan Fakai, Sakaba da Danko-Wasagu na masarautar Zuru, inda wuta ba tabbas kuma likitan haƙori ke nesa, mai ciwo kan jure har sai abin ya kai ga cirewa. Ga shi Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018, wato amalgam na kan hanyar fita. In ba a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan cikon da ba ya bukatar lantarki ba, abin da zai maye gurbinsa sai mai hali a birni.

Kai kuma mai karatu, duk waɗannan gam ɗin sun fi aiki ne in kogon bai yi zurfi ba. Da ka ga baƙin ɗigo ko ka ji zugi in ka sha ruwan sanyi, nemi asibiti tun kafin ruɓar ta kai jijiya. Gam ɗin takalmi kuwa, kada ya kusanci bakinka.