Ɗan Akwati Mai Ƙahoni Biyu: Tarihin WRT54G

Masu karatu, yau za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu ɗauko na wani ɗan akwati mai launin shuɗi da baƙi, mai eriya biyu a tsaye kamar ƙahonin bunsuru. Sunansa WRT54G, kamfanin Linksys na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a ƙarshen shekarar 2002. Aikinsa bai wuce a jona masa wayar intanet ba, shi kuma ya rarraba ta ta iska ga kwamfutocin cikin gida. Abin da ake kira rauta ke nan. Lambar nan 54 da ke cikin sunansa kuwa gudunsa ne, megabit 54 a daƙiƙa, wanda a wancan zamani abin tinƙaho ne.

Kowace rauta tana da 'yar manhajar da aka dasa mata tun daga masana'anta, ita ce ke juya ta. Ta wannan akwati an gina ta ne a kan Linux. To ita Linux kyauta ce, amma kyauta mai sharaɗi. Lasisinta mai suna GPL, wanda Richard Stallman ya tsara, ya yarje maka ka ɗauka, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama, sai dai duk wanda ka miƙa wa, dole ka ba shi asalin rubutun manhajar har da gyaran da ka yi mata. Linksys suka karɓi kyautar, suka yi gum da bakinsu game da sharaɗin.

Ana nan ana nan, a watan Maris na 2003 sai babban kamfanin nan Cisco ya sanar da sayen Linksys a kan dala miliyan 500. Ashe gida ya saya da bashinsa. Ba a yi wata uku cikakku ba, a watan Yuni, wani mai suna Andrew Miklas ya fasa ƙwai, ya shaida wa masu gina Linux cewa ga aikinsu can cikin akwatin, kuma ba a saki rubutun ba. Ƙungiyar Free Software Foundation ta shiga maganar, aka yi ta matsa wa kamfanin lamba, kafin shekarar ta ƙare ya saki rubutun ba don yana so ba. Ko a nan ma ba duka aka samu ba, ɓangaren da ke sarrafa rediyon akwatin, na kamfanin Broadcom, ya ci gaba da zama a kulle.

Kai jama'a, sai ka ce an buɗe wa tumaki ƙofar rumbu! Masana kwamfuta suka dira a kan rubutun nan, kowa yana ƙera tasa manhajar. A 2004 aka fara OpenWrt, a 2005 wani Bajamushe Sebastian Gottschall ya fito da DD-WRT, a 2006 Jonathan Zarate ya kawo Tomato. Mutum ya goge manhajar kamfani ya ɗora ɗaya daga cikinsu, sai ga akwati mai arha yana aikin da sai na'urorin manyan ofisoshi ke yi: a ƙara wa eriya ƙarfi, a ƙayyade wa kowa rabonsa na intanet don kada mutum ɗaya ya shanye, a sa wannan akwati ya miƙa wa wancan. Da wannan dabara 'yan ƙungiyar Freifunk na birnin Balin a Jamus suka riƙa kafa su a saman rufin gidaje, maƙwabci yana miƙa wa maƙwabci. Amma fa da kasada, in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗora manhajar, akwatin na iya mutuwa murus, abin da su ke cewa ya zama bulo.

A 2005 kamfanin ya yi wata dabara da ni dai a ganina rowa ce. Ya fitar da samfuri na biyar, ya cire Linux ya sa VxWorks, ya rage ma'adanar akwatin daga megabayit 4 zuwa 2, ƙwaƙwalwar aikinsa daga 16 zuwa 8. Suna ɗaya, kama ɗaya, amma ciki an ƙwaƙule. Sai dai kasuwa ba ta yarda ba. A shekarar dai ya dawo da tsohon ƙirar da sunan WRT54GL, harafin L ɗin nan na Linux ne. Abin dariya, abin da aka tilasta musu saki shi ya zama abin talla, aka kuma yi fiye da shekara goma ana sayar da shi.

Rigimar ba ta mutu ba sai da ta je gaban alƙali. A Disambar 2008 Free Software Foundation ta maka Cisco a kotu kan kayayyakin Linksys, aka sasanta a Mayun 2009, Cisco ya amince ya naɗa jami'in da zai riƙa sa ido kan bin lasisin. A 2013 kuma ya sayar da Linksys ga Belkin.

Amfanin wannan gado a yau shi ne, idan kamfani ya daina toshe wa tsohuwar rauta kafofin da ɓarayin intanet ke bi, mai ita na iya ɗora mata OpenWrt ta ci gaba da samun gyara, muddin cikinta zai ɗauka. Shi kuwa tsoho mai ƙahoni biyu nasa cikin ya yi kaɗan, OpenWrt ta daina kula da masu ma'adanar megabayit 4 tun bayan fitowarta ta 19.07. A 2024 kuma masu ita suka fitar da rautarsu ta kansu, OpenWrt One.