Otal ɗin Durbar: Daga Hawan Daba Zuwa Rusau

Kuɗin man fetur ne suka gina otal ɗin Durbar a Kaduna, bikin FESTAC kuma shi ne sanadi. Tun zamanin Janar Yakubu Gowon aka soma shirin wannan biki, wato taron al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, bayan wanda aka yi a Dakar a 1966. Juyin mulkin 1975 ya daɗa jan lokacin, sai a hannun Janar Obasanjo aka buɗe taron a Legas ranar 15 ga Janairu 1977. Kason Arewa shi ne hawan daba. Kaduna ta saba da wannan, don a nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawa a 1956, amma wannan karon baƙin daga ƙasashe sama da 50 suke, kuma otal ɗin Hamdala na zamanin Sardauna ba zai ɗauke su ba. Sai gwamnatin tarayya ta gina sabon masauki, ta raɗa masa sunan hawan, wato Durbar a Turance.

Mu mutanen Zariya muna da alaƙa da wannan suna. A lokacin Sarkin Zazzau Shehu Idris shekara biyu ke nan da naɗinsa, kuma Kaduna ƙasar Zazzau ce tun asali. Da aka watse, aka kwance sirdi, baƙi suka koma ƙasashensu, sai otal ɗin ya zama wurin zuwan ma'aikatan da ƙarin albashin Udoji ya cika wa aljihu. Malaman jami'ar Ahmadu Bello sukan taso daga Samaru don taron ƙara wa juna sani. 'Yan kasuwar Sabon Gari, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai, can sukan je ganin manyan dillalai ko liyafar aure. Tafiyar kilomita 80 ce, a je da hantsi a dawo kafin isha'i.

Abin da ya fi zama a ran waɗanda suka san wurin shi ne ɗakin cin abinci. Farin ƙyalle a kan teburi, wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, sabis ya tsaya a gefe da takarda yana jiran ka zaɓa. Da yawa daga cikinmu a irin wannan ɗaki muka fara ganin an kawo miya ita kaɗai a sha da cokali, kafin shinkafa ta iso. Mutum zai shigo da babbar riga, ya tattare hannunta bisa kafaɗa, ya ci abincinsa a natse, ba wanda ya yi masa kallon baƙo. Ina ganin wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da, shekaru kaɗan kafin nan, irin wannan teburi na Turawa ne.

A wancan zamani manyan otal-otal na duniya sukan sayar wa mai cin abinci da wata ƙasa ta mafarki. Misali, Victor Bergeron ya buɗe ɗan shagonsa a Oakland ta Amurka a 1934, shagon ya koma gidan cin abinci mai suna Trader Vic's, aka ƙawata shi da gora da bunu da gumakan itace da kwalekwale rataye a rufi, wai tsibiran Tekun Fasifik, alhali yawancin girkin salon Sin ne. Reshensa na otal ɗin Hilton da ke Landan ya yi aiki daga 1963 har ƙarshen 2022. Su aro suka yi. Durbar kuwa da abin gida aka kira shi, kuma duk da haka bai yi rabin wannan kwana cikin ƙoshin lafiya ba.

Dalilan a fili suke. Farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, gwamnati ta tare a Abuja a 1991, manyan taruka suka bi ta. A farkon shekarun 1990 aka sayar wa kamfanin Alhaji Muhammadu Ɗan Kabo hannun jarin gwamnati, daga baya otal ɗin ya koma hannun iyalan Janar Sani Abacha. A Janairun 1996 bam ya tashi a ciki. Hukumomi suka ce ɗan jarida Bagauda Kaltho ne ya mutu a wurin, abokan aikinsa kuwa ba su yarda da labarin gwamnati ba.

Bayan rasuwar Abacha a 1998 sai shari'ar mallaka ta kankama, ta ɗauki shekaru. Ƙofa ta rufe, ɓarayi suka kwashe abin da ke kwasuwa, ciyawa ta cinye harabar. Kukun da sabis ɗin da aka horar suka watsu, kuma wannan asarar ta fi ta bulo da siminti ciwo, don ba wanda ya tattara labarinsu. A Janairun 2020 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta turo motocin rusau, bisa hujjar cewa kangon ya zama maɓoyar ɓata-gari. Iyalan Abacha suka sake garzayawa kotu, wannan karon a kan fili da diyyar ginin.