Farfesa Jérôme Lejeune: Likitan Da Ya Zaɓi Majinyatansa

Na tabbata 'yan ajinmu ba su manta da ranar da malamin Bayoloji ya cika allo da zanen kuromosom ba, yana nanata mana cewa ƙwayar halittar jikin ɗan Adam tana ɗauke da guda 46, wato biyu-biyu har sau 23. Mu dai haddacewa muka yi saboda jarrabawa. Sai da na shiga jami'a na san cewa masana 48 suke cewa, har zuwa shekarar 1956 da Tjio da Levan suka gyara lissafin a ƙasar Suwidin. Mutumin da nake so in ba ku tarihinsa kuwa, a kan yaran da ke da 47 ya ƙarar da rayuwarsa.

An haifi Jérôme Lejeune a garin Montrouge, kusa da birnin Paris, a 1926. Da ya gama karatun likita sai ya kama aiki ƙarƙashin Farfesa Raymond Turpin, yana duba yara masu lalurar nan da likitan Ingila John Langdon Down ya bayyana tun 1866. A wancan zamani iyayen irin waɗannan yara cikin kunya suke, domin ana zargin ciwon sanyi ko shan giya ne ya jawo. Mu da muka taso muna jin ana kiran wani yaro ɗan ruwa, mun san nauyin irin wannan zargi a kan uwa.

A watan Janairun 1959 Lejeune da Marthe Gautier da Turpin suka buga sakamakon bincikensu: yaran suna da kuromosom guda ɗaya fiye da kima, wanda daga baya aka san shi da lamba 21. Ashe ba alhakin kowa ba ne, kuskure ne da kan auku wajen rabuwar ƙwayoyin haihuwa. Daga nan fa sai ɗaukaka ta zo masa. Shugaba Kennedy na Amurka ya ba shi lambar yabo, a 1963 ya gano wata lalurar a kuromosom na 5, a 1964 kuma aka naɗa shi farfesan ilimin gadon halitta a Paris.

A nan dole in faɗi abin da masoyansa ba su cika son ji ba. Gautier ce ta koyo dabarar renon ƙwayoyin halitta a Amurka, ita ta kafa ɗakin gwajin, kuma a 2009 ta fito ta ce ita ta fara ganin kuromosom ɗin. A 2014 kwamitin ɗa'a na hukumar binciken lafiya ta Faransa ya ƙarfafa maganarta, gidauniyar da ke ɗauke da sunan Lejeune kuma ta musanta. A ganina an tauye wa baiwar Allah nan haƙƙinta, ko da ba da gangan ba ne. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda ƙarami kan yi wahalar aiki, sunan wani ya hau saman takarda.

Jarrabawarsa ta gaskiya ta zo ne da aka iya zuƙo ruwan mahaifa da allura a ƙirga kuromosom na ɗan tayi. Binciken da ya wanke iyaye daga zargi sai ya zama hanyar gano yaron tun yana ciki a zubar da shi. Lejeune, ɗan Katolika mai riƙo da addini, ya ce aikin likita yaƙar cuta ne, ba kawar da mai cutar ba. A 1969, wajen karɓar babbar lambar yabo ta William Allan a San Francisco, ya tsaya gaban takwarorinsa ya faɗa musu haka. An ruwaito cewa bayan taron ya rubuta wa matarsa cewa a ranar ya yi asarar lambar Nobel. Bai kuwa taɓa samun ta ba.

Matar tasa, Birthe, 'yar ƙasar Denmak ce, sun yi aure a 1952, Allah Ya ba su 'ya'ya biyar. Idan tafiya ta raba su, wasiƙa ce ke bin wasiƙa. 'Yarsa Clara, wadda ta rubuta littafi a kan mahaifin nata, ta tuna yadda tana yarinya ta ga an rubuta kiran a kashe shi a jikin bango, lokacin taƙaddamar da ta kai ga halatta zubar da ciki a Faransa a 1975. Ku auna yadda uba zai ji, 'yarsa ta dawo gida da irin wannan labari. Abokan aiki suka ja da baya, kuɗin bincike ya yi ƙaranci, shi kuwa ya ci gaba da duba majinyatansa a asibitin yara na Necker. Waɗanda suka saɓa masa sun ce ya ɗora imaninsa a kan iyayen da su ne za su ɗauki nauyin renon, kuma gardamar ba ta mutu ba har yau.

Aminin Fafaroma John Paul na Biyu ne. Tare suka ci abincin rana ran 13 ga Mayun 1981, sa'o'i kaɗan kafin a harbi Fafaroman. A 1994 ya naɗa shi shugaban farko na cibiyar nazarin kare rai ta Fadar Vatican, alhali ciwon dajin huhu ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya rasu ran 3 ga Afrilun 1994, safiyar Ista, yana da shekara 67. A 1997 Fafaroman ya je har ƙauyen Chalo-Saint-Mars ya ziyarci kabarinsa, a 2021 kuma Fafaroma Francis ya amince da shi a matsayin bawan Allah abin girmamawa, mataki a hanyar zama waliyyi a cocinsu. Birthe ta riƙe aikin gidauniyar har rasuwarta a 2020. Maganin da mijinta ya yi ta nema dai, har yanzu ba a samo shi ba.