Saltaire: Ƙauyen da Mutum Ɗaya Ya Gina

A arewacin Ingila, kimanin mil uku daga birnin Bradford, akwai wani ƙauye a bakin kogin Aire mai suna Saltaire. An haɗa sunan ne daga sunan wanda ya gina shi, wato Titus Salt, da sunan kogin.

A tsakiyar ƙarni na 19 Bradford ta yi suna wajen saƙar ulu, amma ta yi ƙaurin suna wajen ƙazanta. Hayaƙin masaƙu ya rufe sama, rafin garin ya zama bola, iyalai kuwa a cushe suke cikin ƙananan ɗakuna. A 1849 annobar kwalara ta kashe ɗaruruwan mutane. A lokacin Titus Salt shi ne magajin gari, yana kuma cikin manyan attajiransa. Arzikinsa ya samo asali ne tun 1836, sa'ad da ya ga tarin gashin alfaka, wata dabba ta Amurka ta Kudu, a Liverpool, ba mai saye. Ya ɗauka ya gwada, har ya gano yadda za a saƙa yadi mai sheƙi da shi.

Da ya ga garin ba zai gyaru da wuri ba, sai ya kwashe ayyukansa ya fita bayan gari, inda hanyar jirgin ƙasa da hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin Leeds da Liverpool suke tafiya kusa da juna. Aka buɗe babbar masaƙarsa ranar 20 ga Satumba, 1853, ranar da ya cika shekara 50. Ma'aikata wajen 3,000 suke aiki a cikinta. Cikin shekara ashirin da suka biyo baya ya gina musu gidajen dutse fiye da 800, da makaranta, da asibiti, da wurin wanka da wanki, da filin shaƙatawa, da gidaje 45 domin tsofaffi marasa galihu. Shi Kirista ne na ɗarikar Kongirigeshon, ya kuwa gina majami'a mai kyau daura da ƙofar masaƙar, aka gama ta a 1859.

Amma fa mai ba ka ɗaki shi ke da mabuɗin ƙofa. Salt bai yarda a buɗe gidan giya ko ɗaya a ƙauyen ba, bai kuma so ƙungiyar ƙwadago ba. Gidajen ma bisa ga muƙami aka raba su: masu duba aiki suka sami manya masu lambu a gaba, masaƙa suka sami ƙanana. Tituna da yawa sunan matarsa Caroline da na 'ya'yansa suke ɗauke da su. Yara suna yin rabin yini a makaranta, rabi a bakin inji. Wanda ya rasa aikinsa, gidansa ma yana cikin haɗari. Saboda haka masana tarihi har yanzu suna muhawara: tsoron Allah ne ya motsa shi, ko kuwa dabarar samun ma'aikata masu lafiya da biyayya? Ga alama duka biyun suna ciki, gama ma'aikacin da ba ya ciwo riba ne ga mai masaƙa.

Salt ya rasu a 1876, aka binne shi a jikin majami'ar da ya gina. Masaƙar ta wuce hannun waɗansu, har cinikin yadin Ingila ya faɗi, aka rufe ta a 1986. A 1987 wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta, ya mai da ita shaguna da ofisoshi da wurin nuna zane-zanen David Hockney, ɗan Bradford. A 2001 hukumar UNESCO ta sa Saltaire cikin wuraren tarihi na duniya.

Injinan sun yi shiru, amma gidajen suna nan da mutane a ciki. Abin da ya gina domin riba ya daina aikinsa na fari, abin da ya gina domin mutane kuwa yana amfani har wa yau. Wannan abin tunani ne ga duk wanda Allah ya ba dukiya da masu yi masa aiki.