Tropea

Tropea tsohon gari ne a yankin Calabria da ke kudancin Italiya, cikin lardin Vibo Valentia. Mazaunansa ba su wuce dubu shida da ƴan kai ba. An gina shi a kan tsauni mai tsayin kusan mita 50 a bakin Bahar Rum, kuma bangon wasu gidajen ya haɗe da dutsen, har mai leƙowa ta taga ba ya ganin komai a ƙasa sai yashi da ruwa.

Baƙi sukan sauka a filin jirgin saman Lamezia Terme, su ƙarasa da jirgin ƙasa. Cikin garin kuwa sai da ƙafa, don lungunan matsattsu ne. Akwai babbar majami'ar da Normawa suka gina a ƙarni na 12, ga kuma majami'ar Santa Maria dell'Isola a kan wani dutse daban, wadda ake hawa ta matakala. Idan sama ta washe, ana hango dutsen Stromboli mai aman wuta daga nesa. A 2021 gidan talabijin na RAI ya zaɓi Tropea gwarzon ƙananan garuruwan Italiya.

Abin da zai fi ɗaukar hankalin ɗan Magaria ko Dungass da ke Nijar shi ne albasa. Yadda Galmi ta yi suna da ita a Nijar, haka Tropea take da jar albasarta mai zaƙi, wadda ake kitsawa a rataye a ƙofar shaguna. Har askirim ake yi da ita. Musulmi dai ya kula da 'nduja, wani jan abin shafawa a burodi mai yaji, domin da naman alade ake yinsa.