Iskar Gas ko Hasken Rana: Gyara a Kan Muhawarar Lantarki a Arewacin Nijeriya

Tun da gwamnatin tarayya ta ayyana 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na iskar gas, wani ra'ayi ya kankane muhawarar makamashi, wato cewa gas kaɗai zai fitar da ƙasar daga duhu, hasken rana kuwa kwalliya ce da Turawa ke tallatawa. Hujjar da mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya kafa a 2021, cewa rashin adalci ne a janye wa Afirka jarin gas, tana nan daram, amma masu wannan ra'ayi sun ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abin da suka tsallake shi ne cewa gas ya riga ya zama tushen mafi yawan wutar da ake samarwa, kuma duk da haka tashoshin da aka kafa don kimanin megawat 13,000 da ƙyar suke isar da 5,000, saboda kamfanonin rarrabawa ba sa tara kuɗin da zai biya masu samarwa, su kuma masu gas sukan rage abin da suke turawa idan bashi ya taru. Ga kuma nisa: yawancin tashoshin gas suna kudu, wutarsu kuwa sai ta bi 'yan layuka ƙalilan kafin ta iso Kano. A Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi, jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda babu wuta, masu niƙa da masu walda suka koma kan janareto.

Amsar masu goyon bayan gas ita ce bututun Ajaokuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, zai kawo gas har gida. Suna ƙarawa da cewa rana tana faɗuwa, ƙurar hunturu tana dusashe faifan sola, batir kuma yana da tsada. Wannan suka tana da nauyi, kuma dole ta taƙaita da'awar wannan maƙala: babu shaidar cewa sola za ta riƙe masana'antun Sharaɗa da Bompai dare da rana. Hatta manyan tashoshin sola 14 da aka sa hannu kan yarjejeniyarsu a 2016 sun maƙale a kan farashi da lamunin biya, wato ciwon da ke damun gas.

Abin da shaida ta yarda da shi, ga alama, shi ne ƙaramin layin sola mai zaman kansa, wanda ke samar da wuta a inda ake shan ta, don buƙatun rana kamar famfon noman rani da shagunan kasuwa, irin wanda aka gwada a Kasuwar Sabon Gari ta Kano. A nan mai shago yana biya kai tsaye, kuɗin ba ya bin doguwar hanyar da yake salwanta, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara irin wannan kasuwa da kansu.